Ɗakin da Jildou Ta Zaɓa a Bakin Ruwa

Jildou Tolsma ita ce yarinyar da ta fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ƙauyenmu, kuma ita ce ta fi kowa jin kunyar ƙauyen. Ni Marrit, tun muna firamare benci ɗaya muke zama da ita, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Jildou takan karanta shafi sau ɗaya ta rufe littafin ta karanto maka shi daga ka. Ba ta da rowa, ba ta da mugunta. Aibinta ɗaya ne, girman kai da son a gan ta cikin manya. Tun muna sakandare ta fara sauya harshe. Idan mun shiga jirgin ƙasa zuwa birni sai ta ajiye yarenmu na yankin Friesland ta koma magana irin ta 'yan birni, idan na yi mata magana da namu sai ta zungure ni da gwiwar hannu.

Mahaifinta, Baba Douwe, shi ya rene ta shi kaɗai tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Sana'arsa haɗa bututun gas da gyaran murhun ɗumama gida. Shekara talatin yana wannan aiki, babu gidan da bai shiga ba a ƙauyuka bakwai na kewayenmu. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan barkwanci, kullum cikin shuɗiyar rigar aiki, da 'yar motarsa mai ɗauke da sunansa a jiki. Jildou tana sonsa, amma ta fi son ya sauke ta a bayan makaranta, ba a ƙofa ba.

Shekarar da muka gama sakandare mu biyu muka sami gurbi a jami'a a birnin Groningen, ita karatun lauya, ni haɗa magunguna. Mun daɗe da yin alkawarin zama gida ɗaya. Kowa kuwa ya san yadda neman ɗaki yake a Groningen a watan Agusta. Ɗaki ɗaya, mutum hamsin. Wasu har tanti suke kafawa a bayan gari kafin su dace.

Mu sai muka taki sa'a. Wata 'yar uwar mahaifiyata ta haɗa mu da wata tsohuwa mai suna Madam Wubs, wadda ke ba da hayar ɗakuna biyu a saman gidanta, a wata unguwa can gefen gari, tafiyar minti ashirin a keke. Muka je gani. Ɗakunan ƙanana ne, fentinsu fari, labulensu ya koɗe, amma tsaf suke. Tagogi na buɗewa. Ta ciro takardar yarjejeniyar haya ta ajiye a gabanmu, ta kuma nuna mana takardar mai duba murhu ta watan da ya wuce, ba tare da mun tambaya ba.

"Dokokina biyu ne," in ji ta. "Kada a bar min keke a bakin ƙofa, kuma duk wadda ba za ta kwana gida ba ta bar min 'yar takarda, don ni ba na iya barci da fargaba. Ban da wannan, ko saurayi kuka kawo ba ruwana, in dai ya goge takalminsa."

Na yi dariya. Jildou ba ta yi ba. Muna fita ta dube ni ta ce, "Marrit, na baro ƙauye ne don in zo in shiga wani ƙauyen? Ba ki ji warin kabeji ba? Unguwar nan ai ta masu jiran fansho ce."

"Karatu muka zo, ba kallon unguwa ba," na ce.

"Ke kika zo karatu kawai. Ni lauya zan zama. Lauya kuwa da mutanen da ya sani yake cin abinci, kuma ba a nan ake saninsu ba."

Duk da haka ta ce in ba ta kwana uku ta yi tunani. Ashe ta riga ta rubuta wa wani gida a tsakiyar gari, ɗaya daga cikin dogayen tsofaffin gidajen nan na bakin ruwa. Ɗalibai shida ke ciki, 'ya'yan masu hali daga yammacin ƙasa, kuma su ke zaɓen wanda zai shiga idan wani ya tashi ya bar ɗakinsa. Suka gayyaci mutum goma sha biyar zuwa ganawa, suka yi musu tambayoyi, suka zaɓi Jildou. Daga baya ta faɗa mini da bakinta cewa da suka tambaye ta aikin mahaifinta, ce musu ta yi injiniya ne mai kamfanin kansa.

Saƙon waya ta turo mini. Layi biyu. Ta sami ɗaki, in yi haƙuri, in nemi wata. Na ji zafi ƙwarai. Madam Wubs ta ba wata ɗalibar aikin jinya ɗaya ɗakin, ni kuma na tare.

Ranar da Jildou za ta tare, Baba Douwe ya ɗauko kayanta a motar aikinsa, ya biyo ya ɗauke ni don in taya su. Ɗakin yana can ƙololuwar gidan, ƙarƙashin rufi. Matakalar siririya ce, a miƙe kamar tsani, sai da muka yi ta juya katifa kafin ta wuce. Amma da muka shiga, ni kaina sai da na tsaya. Ɗaki ne mai faɗi, da manyan ginshiƙan katako baƙaƙe, da wata ƙatuwar taga mai kallon ruwa, kwale-kwale na wucewa a ƙasa, hasumiyar coci na can gaba.

"To, yanzu me kika ce?" in ji Jildou, fuskarta cike da murna.

"Ya yi kyau," na ce, kuma gaskiya na faɗa.

Baba Douwe bai kalli ruwa ba. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya durƙusa gaban wani tsohon murhun gas da ke jikin bango. Ya kunna shi, ya zuba wa wutar ido. Ya shafa bangon da ke samansa ya dubi yatsunsa. Ya tashi ya je ya kama tagar, ya ja, ya tura, ko motsi ba ta yi ba. An yi ta shafa mata fenti shekara da shekaru har ta manne.

"Jildou, zo ki gani," ya ce. "Wutar murhu mai lafiya shuɗiya ce. Wannan kin ga ruwan ɗorawa take, tana rawa. Ga kunkunniya a bango. Hayaƙin ba ya fita yadda ya kamata. Murhun nan ya girme ki, ina jin ya girme ni ma. Ga taga ba ta buɗewa, ga hanyar fita guda ɗaya. Wa ya duba shi na ƙarshe? Ina takardar?"

"Baba, don Allah. Ba wurin aiki ka zo ba."

"Ko'ina wurin aikina ne in 'yata za ta kwana a wurin. Irin wannan murhu yakan fitar da wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi. Ba ta sallama. Ina takardar hayar?"

"Ba sa yin takarda a nan. Magana ce ta fahimta tsakanin mutane."

A daidai nan wata doguwar yarinya ta leƙo, da kofi a hannu. Annelot sunanta, ita ce babba a gidan, ita ke yanke komai. Ta dubi Baba Douwe da shuɗiyar rigarsa, ta ce, "Au, mai gyara ya zo? Madalla. Malam, in ka gama nan ka taimaka ka duba mana famfon banɗakin ƙasa, wata guda yana ɗiga."

Baba Douwe ya dubi 'yarsa, yana jira. Ni ma na dube ta. Jildou ta juya tana kallon kwale-kwale, kunnuwanta sun yi ja, ba ta faɗa wa Annelot cewa mahaifinta ne ba.

"To," in ji Baba Douwe a hankali. "A nuna min famfon."

Ya sauka ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya gyara musu famfo. Da ya gama ya karɓi lambar mamallakin gidan, wani mai suna Brongers, ya kira shi a tsaye a bakin titi. Ina kusa, ina jin muryar mutumin. Ya ce murhu lafiyarsa ƙalau, ba ya son baƙon hannu a kayansa, kuma ɗalibai arba'in na jiran ɗakin, idan yarinyar ba ta so ta ajiye makulli kafin yamma.

Jildou ta riƙe hannun mahaifinta. "Baba, kada ka ɓata min. Na sha wuya kafin in samu. Idan ka tayar da rigima, shi ke nan na zama abin dariya tun ban fara ba."

"Ki bar ni in buɗe murhun in wanke shi, in leƙa bututun hayaƙin. Awa biyu. Ba sai kowa ya sani ba."

"Ka ji abin da ya ce. Zan yi masa magana da kaina. Na yi alkawari."

Ya daɗe yana kallonta. Shekarunta sha takwas, doka ta ba ta ikon kanta, kuma shi mutum ne da bai taɓa yi mata dole ba. Ya shiga mota. Ya mayar da ni gidan Madam Wubs, da zan sauka ya ce, "Marrit, ki riƙa leƙa ta. Ke tana jin maganarki wani lokaci."

Bayan mako guda ya aiko mata da wata 'yar na'ura ta gidan waya, mai kamar sabulu, wadda ke yin ƙara idan waccan iskar ta taru a ɗaki. Ya kira ta sau uku sai da ta liƙa ta a bango ta turo masa hoto. Maganar Brongers kuwa, ba ta taɓa yi ba.

Watanni biyun farko komai ya tafi mata daidai. Ba a fara sanyi ba, ba a kunna murhu ba. Tana shiga tarukan da take so, tana sa irin kayan da 'yan gidan suke sawa, malamanta na yabonta. Nakan gan ta jefi-jefi a ɗakin karatu, mu gaisa a tsaitsaye.

A watan Nuwamba sanyi ya sauka. Wata ranar Laraba ta gayyace ni cin abinci a gidansu, karo na farko. Bayan an ci, sai duk aka hau ɗakinta shan shayi, don ɗakinta ya fi kowanne kyan kallo. Murhu na ci tun rana. Ana cikin hira sai na'urar nan ta ɓarke da ƙara mai tsinka kunne. Kowa ya zabura.

"Mene ne wannan kuma?" in ji wani saurayi.

Annelot ta dubi bango ta kwashe da dariya. "Zakaran ƙauye ne ya yi cara. Jildou, lokacin tatsar shanu ya yi ne?"

Duk suka fashe da dariya. Jildou ma ta yi, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta hau kujera ta ciro na'urar, ta zare batirin, ta jefa su cikin aljihun tebur.

"Irin waɗannan na arha haka suke," ta ce. "Tururin shayi ma yana tayar da su."

Da ta rako ni ƙofa na ce, "Jildou, ba tururin shayi ba ne, kin sani. Ki mayar da batirin. Ki kira Baba."

"Zan mayar idan sun fita."

"Ki kira shi."

"In kira shi ya zo da rigar aikinsa ya tsaya a tsakiyar gida yana yi musu wa'azi? Marrit, kada ki faɗa masa. Ki yi min alkawari. In kin faɗa, ni da ke har abada."

Na yi alkawari. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na ji tsoron rasa ƙawa fiye da yadda na ji tsoron abin da ba na gani.

Daga nan Jildou ta fara canzawa. Kullum kanta na ciwo. Takan tashi da safe da tashin zuciya, ta yi gyangyaɗi a lacca, ita da ba ta taɓa yi ba. Idan ta je ƙauye hutun ƙarshen mako sai ta warware sarai, ranar Litinin ciwon ya dawo. Baba Douwe ya lura, ya fara tambaya. Ta ce masa na'urar na nan a bango, ba ta taɓa ƙara ba, gajiyar karatu ce kawai. Da tambayar ta yi yawa sai ta daina zuwa gida. Sanyi kuma ya ƙaru, iska na shigowa ta tsagogin taga, sai ta sayi salatif ta bi su duk ta liƙe, ta cusa tawul a 'yar kafar iskan da ke ƙasan ƙofa.

A watan Janairu, ana saura kwana biyu jarrabawa, ta kira ni ranar Lahadi da hantsi. Muryarta a sanyaye.

"Marrit, ki zo ki riƙe min littafi ki yi min tambayoyi. Na karanta shafi ɗaya sau biyar, ba abin da ya zauna. Ban san me ke damuna ba."

Madam Wubs ta ji za ni wurin marar lafiya, ta cika mini wata tukunyar ƙarfe da miyar wake mai kauri, na ɗaure ta a bayan keke. Titi duk ƙanƙara. Gidan shiru, sauran duk sun tafi wurin iyayensu. Na hau. Ɗakin da ɗumi, har da daɗi. Jildou tana kwance da bargo, fuskarta ta yi wani irin ja. Ta sha miya cokali biyu ta ture.

Na zauna a kan kujera ina yi mata tambayoyi. Tana amsa ɗaya ta rasa uku. Bayan kamar awa ɗaya sai na ji kaina ya fara sarawa ta goshi. Na ɗauka hawan keke cikin sanyi ne. Haruffa suka fara yi mini rawa. Wani barci mai nauyi ya fara jana, na ce a raina bari in ɗan jingina.

Sai wayarta ta yi ƙara. Ta dubi fuskar wayar da ƙyar ta miƙo mini. "Baba ne. Ki ce ina karatu."

Na ɗauka. "Baba, ina wuni. Marrit ce."

"A'a, 'yar haɗa magani. Lafiya lau. Ina lauyar tamu? Ko sai na cike takarda kafin a ba ni ita?"

"Tana kwance, kanta ke ciwo. Ni ma nawa ya fara. Ina jin mura ce ke yawo."

Da ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa.

"Ku biyun? Da ciwon kika zo, ko a nan ya same ki?"

"A nan."

"Murhu na kunne?"

"E."

"Marrit, saurare ni da kyau, ki yi abin da na ce ɗaya bayan ɗaya. Tashi ki kashe murhun. Kada ki ajiye wayar."

Na miƙe, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na faɗi a kan gwiwa. Na rarrafa na murɗa makunnin.

"Na kashe."

"Yanzu taga. Ba za ta buɗe ba, fasa ta za ki yi. Me ke kusa da ke mai nauyi?"

"Tukunyar miya."

"Ita. Da duk ƙarfinki. Ina kiran 'yan kwana-kwana da ɗaya wayar, kina jina?"

Na kama tukunyar da hannu biyu na dafa tebur na miƙe. Jifan farko tsaga gilashin kawai ya yi. Na sake ɗauka na maka. Gilashin ya zube, iska mai sanyi ta bugi fuskata. Na juya wurin Jildou na girgiza ta, na kira sunanta. Idanunta a rufe, ba ta amsa ba. Na kama ta ta hammata na jawo ta daga gado, na ja ta a ƙasa har bakin ƙofa, na fizge tawul ɗin na buɗe. Matakalar nan siririya tana gabana kamar rijiya. Na san ba zan iya sauka da ita ba. Ina jin muryar Baba Douwe daga wayar da ke ƙasa yana cewa, "Suna hanya, Marrit, yi min magana, kada ki yi barci." Iyakar abin da na tuna ke nan.

A motar asibiti na farka, da abin taimakon numfashi a fuskata. Kwana biyu na yi aka sallame ni. Jildou kuwa sai da ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Likita ya ce ni awa ɗaya da 'yan mintoci na shaƙa, ita kuwa wata biyu ta yi tana shaƙa kaɗan-kaɗan, sannan ta kwana ta wuni a cikinta a rufe. Da 'yan kwana-kwana suka hau rufin, sai suka tarar hankaki sun yi sheƙa a cikin bututun hayaƙin, ƙirare sun toshe shi kusan gaba ɗaya. Aikin awa biyu ne, kamar yadda Baba Douwe ya ce. Hukuma ta rufe ɗakin, aka gurfanar da Brongers a kotu. 'Yan gidan suka aiko da kati guda ɗaya, dukansu suka sa hannu. Babu wanda ya tako asibitin.

Ina zaune a gefen gadonta ranar da ta fara magana sosai. Baba Douwe yana ɗaya gefen, kwana huɗu bai cire rigar da ya zo da ita ba. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce, "Baba, ta yi ƙara. Tun Nuwamba. Ni na cire batirin."

"Na sani, an same ta a aljihun tebur," ya ce. "Sha ruwa."

"Ka yi min faɗa mana."

"Faɗan da zan yi miki ai jikinki ya riga ni. Sha ruwa, 'yata."

A waje na tare shi na ce, "Baba, ina wurin ranar da ta cire. Na sani, na yi shiru." Ina faɗa ina kuka.

Ya dafa kafaɗata. "Da kin faɗa min, da ya fi. Wannan gaskiya ce, ba zan rufe miki ba. Amma ke kika fasa tagar, ke kika ja ta zuwa ƙofa. In na tuna ki, wannan zan riƙa tunawa. Ni ma na ga wutar nan da idona na shiga mota na tafi. Kowa da nasa kayan."

Jildou ta tashi, ta yi tafiya da ƙafarta, ta koma ƙauye. Amma ƙwaƙwalwar nan tata ba ta dawo ba. Abin da ya wuce da daɗewa tana tunawa, sabon abu ne ba ya zama. Shekarar da ta biyo baya ta sake gwada jami'a, ta yi wata huɗu tana fama, ta haƙura. Yanzu tana aiki a wani lambun sayar da furanni kusa da ƙauyenmu. Tana da ɗan littafi a aljihu wanda take rubuta komai a ciki, sunan mai saye, abin da aka aike ta, ranar da ta yi alkawari. Masu lambun suna sonta, tana da hannu a shuka.

Ranar da na karɓi digirina ta zo, ita da Baba Douwe, da furannin da ta shuka da kanta. Bayan taro muka zauna a kan wani benci a harabar jami'a. Ta ce in ba ta takardar ta gani. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta karanta tun daga sama har ƙasa, a hankali, har sa hannun shugabanni. Ta shafa hatimin da yatsa. Sannan ta miƙo mini.

"Kin yi ƙoƙari, Marrit," ta ce. "Na ji daɗi, har zuciyata." Sannan ta tambaya, "Ƙarfe nawa jirginmu zai tashi?"

"Biyar da kwata."

Muka yi hirar mutanen ƙauye, wa ya yi aure, wa ya sayar da gona. Ta yi dariya sosai. Can ta dube ni ta ce, "Af, ƙarfe nawa ne jirginmu?"

"Biyar da kwata," na ce, kamar ba ta taɓa tambaya ba. Baba Douwe ya juya yana kallon wani wuri. Da ta tambaya karo na uku, shi ya amsa mata, da murya mai taushi, ya kama hannunta suka nufi tasha.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ɗalibin da ke neman ɗaki kada ya yi wa rogo kallon kitse. Kyan taga da sunan unguwa ba su ne gida ba. Gida shi ne inda za ka kwana ka tashi lafiya, don haka ka duba murhu, ka gwada taga, ka san hanyar fita, ka nemi takarda, kuma duk mai gidan da ya hana a duba kayansa ko ya ce ka yi sauri wasu na jira, ka bar musu. Idan wanda ya san aiki ya yi maka gargaɗi, ka saurara, ko da rigarsa ba ta burge abokanka ba, balle a ce mahaifinka ne. Wanda kuma ya ga abokinsa cikin haɗari ya yi shiru don gudun ɓacin rai, bai yi masa zumunci ba. Girman kai rawanin tsiya ne. Dariyar da Jildou ta guda ta minti biyu ce, abin da ta rasa kuwa har yau ba ta same shi ba.